Na sa hannu a takardar makaranta ban san Barnawa za a tura 'yata ba

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan cikin garin Kaduna, 'ya'yana biyar, babbar cikinsu mace ce shekararta 15, tana SS1 a wata makarantar kuɗi ta jeka-ka-dawo. Tun bayan babbar sallah na lura yarinyar nan ta canza, abinci sai na yi da gaske take ci, duk ta rame, in na tashi da tsakar dare sai in same ta a zaune ta jingina da bango ba barci, kuma sau biyu tana faɗuwa a asambili. Ranar Talata aka kira ni a waya wai in zo makaranta yanzu-yanzu. Da na je na tarar da ita zaune a kan benci a bakin ofis kanta a sunkuye, a ciki kuma ga shugabar makaranta ga malamar shawara ga wani malami. Suka ce an ga ta rubuta a bayan littafinta cewa ta gaji, gara ta mutu kowa ya huta. Sai suka miƙo min takarda shafi biyu da Turanci suka ce in sa hannu za a tura ta ganin likita. Ni karatuna a JS3 na tsaya, ga jikina yana rawa, na karɓi biro na sa. Sai da muka shiga Keke sannan ta ce min, Umma kin san Barnawa kika sa hannu a kai ni? Tun daga ranar ko kallona ba ta son yi.

Babanta yana Legas wajen kasuwanci, da na faɗa masa a waya ya yi ta faɗa wai da izinin wa na sa hannu, shi ba 'yarsa da za a kai asibitin mahaukata, waye zai aure ta nan gaba. Hajiyarsa kuma ta ce iska ce, a kai ta wajen malam a yi mata ruƙiyya. Makaranta sun ce ba za ta dawo aji ba sai da takardar likita, ga jarrabawa saura sati uku, kuma maganar ta riga ta bazu, 'yan ajinsu har sun fara cewa ta haukace. Anti zan iya janye sa hannun nan? Makaranta tana da ikon yi mana haka? Ni na rasa ma ko laifi na yi.

Wata uwa daga Kaduna

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne bencin nan na bakin ofis, manya huɗu a ciki ana yanke magana a kanta ita kuma tana waje kanta a ƙasa. Zan dawo kan wannan. Amma bari in fara cire miki wannan dutsen da kika ɗora wa ƙirjinki, ba ki yi laifi ba. An ce miki 'yarki ta rubuta tana so ta mutu, an miƙo miki biro an ce ga hanyar taimakonta, wace uwa ce za ta tsaya? Ko mai digiri ce a wannan halin hannunta zai yi rawa ta sa.

Kafin maganar takarda, da makaranta, da fushin maigida, akwai wadda ba ta jiran gobe. Yarinyar da ta daina ci, ta daina barci, ta rame, sannan ta rubuta da hannunta gara ta mutu, ba a ajiye maganarta a ce yarinta ce ko neman a kula ta take. Yau ɗin nan, ba tare da kin yi shela ba, ki bi gidan ki kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da duk wani maganin ƙwari, da ragowar ƙwayoyin magani da muke tarawa a leda a saman firji ko cikin durowa, ki kulle su ko ki kai maƙwabta. Kar ta riƙa kwana ita kaɗai, ki dawo da shimfiɗarta ɗakinki tunda babanta ba ya gari. Sannan ki tambaye ta kai tsaye, cikin sanyin murya, kina tunanin kashe kanki ne? Kin taɓa gwadawa? Kin shirya yadda za ki yi? Na san bakinki zai yi nauyi, mu dai ba mu saba furta irin wannan ba, kuma da yawa suna tsoron wai in ka tambaya kamar ka koya wa yaro ne. Ba haka ba ne, masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi ma take kawowa don yaron ya ga an ji shi. In ta ce miki e ta shirya, ko ta taɓa shan wani abu, toh wannan ba batun jiran izinin kowa ba ne ko jiran ranar da aka rubuta a takarda, ki ɗauke ta zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren, ki kira babanta kina hanya.

Toh yanzu takardar. Kin tambaye ni ko za ki iya janyewa, amsa ita ce e, za ki iya. Sa hannu a irin wannan takarda ba cinikin fili ba ne da in an shafa fatiha an gama. Amincewa a harkar lafiya tana da sharuɗɗa, sai an yi wa mutum bayanin abin da ake zargi yana damun mara lafiya, da abin da ake so a yi, da amfaninsa da illarsa, da sauran hanyoyin da ake da su, da abin da zai iya biyo baya in an ƙi, sannan a bar shi ya zaɓa ba da tursasawa ba, kuma yana da damar ya canza ra'ayi daga baya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikatan lafiya wannan nauyin, har ta ce a yi bayanin da harshen da mutum yake ji kuma a lura da zurfin karatunsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta ɗauki mai lalurar ƙwaƙwalwa kamar abin da za a tsare kawai, ita ma ta zo ne da batun haƙƙin mara lafiya da amincewarsa da rufa masa asiri. Yanzu ki auna da abin da ya faru da ke, takarda da Turanci, ba wanda ya karanta miki, ba wanda ya faɗi sunan asibitin, kina kuka, an ce sa hannu. An sami sa hannunki amma ba a sami fahimtarki ba, kuma fahimtar ita ce ainihin abin da ake nema.

Sai dai ki ji ni da kyau a nan 'yar uwa, don kar ki ɗauki maganata ki kai inda ban nufa ba. Cewa kina da ikon janyewa ba yana nufin ina ba ki shawarar ki hana ta ganin likita ba. Ni a ganina makarantar nan sun yi daidai a abin da suka hango, sun yi kuskure a yadda suka bi. Wani malami ne ya buɗe littafi ya ga rubutun nan bai rufe ya yi shiru ba, kuma wallahi akwai makarantun da bulala za a yi mata a ce tana iskanci. Wannan ki gode musu a kai. Su ma tsoro ne ya kama su, suna gudun wani abu ya faru a hannunsu a ce sun sani suka yi shiru, shi ya sa suka yi gaggawar neman takardar da za ta wanke su. Na fahimci tsoronsu, amma tsoron bai ba su damar su tsallake bayani ba, bai kuma ba su damar barin sirrin yarinya ya fita har 'yan aji su samu na tsokana ba.

Abin da zan so ki yi, ki koma makarantar, amma wannan karon kar ki je ke kaɗai. Ki tafi da wani naki da ya iya karatu kuma mai sanyin kai, ƙanenki ko yayarki ko ƙanen babanta, ba mai zuwa ya ɗaga murya ba. Ki ce a ba ki kwafin takardar da kika sa wa hannu, haƙƙinki ne, in sun ce babu injin kwafi ki ɗauki hotonta da waya shafi biyun duka. A karanta miki ita layi-layi a fassara da Hausa. Abin da za ki kasa kunne ki ji shi ne, me na amince da shi takamaimai? Don akwai bambanci babba tsakanin na yarda a tura 'yata likita ya duba ta, da na yarda a ba ta magani, da na yarda a kwantar da ita, da na yarda asibiti su riƙa aiko wa makaranta bayanin lafiyarta. Waɗannan abubuwa huɗu ne daban-daban, kowanne da nasa izinin, kuma sau da yawa irin waɗannan takardu sukan cusa su duka a layi ɗaya. Makaranta turawa kawai take iya yi, ba ta rubuta magani, ba ta ba da gado, kuma takardarsu ba ta ɗaure likita ba ta ɗaure ki. In kun je asibiti can ma sai an sake neman amincewarku kafin a yi komai, tunda yarinyar ba ta kai 18 ba, iyaye ko mai riƙonta su ne masu ba da izini.

In kin ji akwai layin da ba ki yarda da shi ba, musamman na cewa makaranta za ta ga duk abin da likita ya rubuta, ki sa a rubuta miki 'yar gajeriyar wasiƙa da kwanan wata, cewa kin janye wannan ɓangaren, za ku kai ta asibiti da kanku, kuma abin da za ku kawo wa makaranta shi ne shaidar likita ya gan ta kuma za ta iya zaman aji, shike nan. Ba dole ba ne a rubuta musu sunan ciwo ko abin da ta faɗa wa likita a ɗaki. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma na yaro sai da yardar iyayensa ake sarrafa shi. Ki tambaye su a fili, su waye suka ga littafin nan, a ina aka ajiye takardar, ta yaya maganar ta kai kunnen ɗalibai, kuma me za ku yi a kan masu kiranta mahaukaciya? Ba da faɗa ba, amma ki tsaya sai an ba ki amsa.

Batun hana ta shiga aji kuwa, neman takardar likita shi kaɗai ba abin mamaki ba ne, ko yaron da yake yawan faɗuwa saboda wani ciwo daban makaranta takan nema don ta san yadda za ta kula da shi. Amma a zaunar da ita gida ba ranar dawowa, jarrabawa saura sati uku, wannan ya zama kamar hukunci ga yarinyar da ba ta yi laifin komai ba, kuma zaman kaɗaici a gida yana iya ƙara mata nauyin zuciya. Ki nemi a yi yarjejeniya a rubuce, a riƙa aiko mata da darasi da aikin gida kafin ta ga likita, a tabbatar miki za ta zana jarrabawa ko da a ɗaki daban ne, kuma a sa ranar da za ta dawo. In suka ƙi saurarenki akwai shugabannin PTA, akwai mai makarantar, in abin ya ci tura akwai ma'aikatar ilimi ta jiha da hukumar da ke sa ido kan ingancin makarantu. Jihar Kaduna tana da dokarta ta kare yara tun 2018, makarantar kuɗi ba ta fi ƙarfin doka ba. Amma ni ina kyautata zaton ba za a kai can ba, galibi in iyaye suka zo da natsuwa suka nuna sun san abin da suke tambaya, magana tana sauka.

Mu zo kan Barnawa, don na san sunan ne ya fi firgita ku duka. A garin nan an mayar da sunan abin zolaya, yaro ya yi shirme a ce sai an kai ka Barnawa, shi ya sa yarinyar ta ji kamar an yanke mata hukuncin hauka. Gaskiyar magana asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa asibiti ne kamar kowane, kuma da yawan masu zuwa can ganin likita suke su koma gida a ranar, masu rashin barci, masu damuwa, masu farfaɗiya, masu firgita bayan wani tashin hankali, ba kowa ake kwantarwa ba. Zuwan farko yawanci hira ce, a tambayi yaushe abin ya fara, yaya ci yaya barci, me ya faru a gida ko a makaranta, akwai mai irin wannan a dangi, a ji daga bakinki sannan a ce ki ɗan ba su wuri a ji daga bakinta. In an ce ki fita kar ranki ya ɓaci, akwai abin da yarinya ba za ta iya faɗa a gaban uwarta ba ko da tana sonta kamar ranta.

Duk da haka in sunan ne zai hana babanta yarda, ba dole sai ta nan za a fara ba. Kuna iya farawa da likitan yara ko babban likita a asibitin Barau Dikko, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko wani asibitin da kuka saba da shi kuka yarda da shi. Wannan ma yana da nasa amfanin, domin faɗuwa da rama da kasala ba kullum daga damuwa suke ba, ƙarancin jini yana kawo su musamman ga 'yan mata masu zubar da jini da yawa lokacin al'ada, farfaɗiya tana kawo faɗuwa, ciwon maƙoƙo yana hana barci ya ramar da mutum. A auna jininta a duba jikinta. Amma dan Allah in kun je kar ki ɓoye maganar rubutun littafin saboda kunya, ita ce ma farkon abin da za ki faɗa, in ba haka ba za a ba ku maganin ƙarin jini ku dawo gida ainihin ciwon yana nan. In likitan ya ce lallai sai likitan ƙwaƙwalwa ya gan ta, toh ku bi, a lokacin maganar daga bakin likita ta fito ba daga makaranta ba, zai fi sauƙin shiga kunnen maigida.

A gaban likitan ma ki riƙe bakinki a buɗe, irin tambayoyin da ba ki samu damar yi a makaranta ba nan ne wurinsu. Me kake gani yana damunta? Akwai hanyar da ba magani ba, kamar zama da masanin halayyar ɗan Adam ana tattaunawa da ita lokaci-lokaci? Ga masu shekarunta sau da yawa da wannan ake farawa. In an rubuta magani ki tambayi sunansa, na mene ne, har tsawon yaushe, wace illa za ki sa wa ido. Magungunan damuwa ba kamar farasitamol ba ne, sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, ba a yanke su rana ɗaya don an ga sauƙi, kuma a makonnin farko ana so a sa wa matashi ido sosai don wasu tunanin cutar da kai yakan ƙaru musu kafin ya sauka, saboda haka maganin ya zauna a hannunki ke ki riƙa ba ta. In ba ki gane ba ki ce likita maimaita min da Hausa. Ba raini ba ne ba ƙauyanci ba ne, aikinsa ne.

Shi kuma babanta, kar ki ɗauke shi abokin gaba. Mutum yana Legas, an kira shi a waya an ce an yanke magana a kan 'yarsa ta fari ba da saninsa ba kuma ga sunan Barnawa a ciki, dole ya ji an tsallake shi, kuma maganar waye zai aure ta da ya yi, tsoro ne na uba da ya san halin mutanenmu da tsegumi. Yana da gaskiya a cewa da an neme shi, ai ko yaye yaro, Alƙur'ani a cikin suratul Baƙara ya haɗa shi da yardar iyaye biyu da shawararsu, balle wannan. Ki kira shi lokacin da ya natsu, bayan isha'i ba tsakiyar kasuwa ba, ki fara da cewa ka yi haƙuri da an ba ni lokaci da kai zan fara kira. Sannan ki karanta masa kalmomin da ta rubuta yadda suke, kar ki sassauta, don ina zargin har yanzu sunan asibitin ya ji bai ji rubutun ba. Ki ce masa ga zaɓi a gabanmu, kai za ka faɗi asibitin da za mu fara zuwa, kuma in ba za ka samu zuwa ba zan kira ka a waya ka yi magana da likitan da kanka ka yi duk tambayar da kake so. Namiji in ya ga an dawo masa da linzami yakan sauko. In ya kafe, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko amininsa ko limamin unguwarku, ya yi masa magana. Abin da yake tsoro na zancen aure, ciwon da aka yi maganinsa a asirce tun yana ƙarami ya fi saurin ɓacewa daga bakin mutane a kan wanda aka bari ya girma har ya fito fili.

Hajiya kuma a girmama ta, a ce mata Hajiya addu'arki muke nema. Ba wanda ya ce a bar addu'a, a yi mata tofi a gida, a karanta mata falaƙi da nasi da ayatul kursiyyu, ita ma a ƙarfafa ta ta riƙe azkar ɗinta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta, don haka zuwa asibiti ba ya karo da tawakkali. Inda zan ja miki layi shi ne duk wurin da za a ce a bar ta ta kwana, ko a dake ta wai ana dukan aljani, ko a ɗaure ta, ko a turara mata hayaƙi har ta shiɗe, ko a ce kar a kai ta asibiti. Mu mutanen Kaduna ba mu manta da abin da 'yan sanda suka bankaɗo a Rigasa a watan Satumban 2019 ba, mutum sama da 300 a gida ɗaya, da yawansu yara, wasu da mari a ƙafa, kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu da niyyar gyara.

Yanzu in dawo kan bencin. Duk cikin mutanen nan, makaranta da ke da babanta da Hajiya, kowa ya faɗi abin da za a yi da ita, ban ji inda aka ce wani ya tambaye ta ba. A doka ku ne masu sa hannu, amma 'yar shekara 15 ba jaririya ba ce, ita ce ma ta gane abin da ke cikin takardar kafin ke. Likitocin kirki ba sa wadatuwa da izinin iyaye kaɗai, sai sun nemi yardar yaron shi ma, saboda wanda aka ja da ƙarfi zai je ya zauna ya yi gum, in an ba shi magani ya zubar a bayan gado. Shirun da take miki ba ƙiyayya ba ce, ji take an buɗe mata littafi an karanta cikinta, an tara manya a kanta, sannan uwarta da take ganin ita ce mafakarta ta sa hannu.

Kuma na lura 'yar fari ce, ko sunanta na tabbata ba kya kamawa. Wannan kara da muka gada tana da kyau a wurinta, amma a 'yan kwanakin nan ki ajiye ta gefe, yarinyar nan tana bukatar ta ji daga bakinki cewa kina sonta. Ki samu lokacin da ƙannenta suka yi barci, ko ki ce ta zo ki tsefe mata kai, don magana ta fi fita in ba ana kallon ido da ido ba. Ki ce mata gaskiya, na sa hannu ban san abin da ke ciki ba saboda tsoro ya kama ni, da na sani da sai na fara jin ta bakinki, ki yafe min. Ki ce mata ba wanda ya ce ta haukace, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kusan ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 suna fama da wata lalurar damuwa ko ta ƙwaƙwalwa, wato a ajinsu kaɗai ba ita ɗaya ba ce. Maganar ganin likita kar ki mayar da ita abin zaɓi, wannan ki tsaya a kai, amma ki ba ta zaɓi a duk abin da ya rage, likita mace take so ko namiji, wa take so ya raka ta, me ta yarda a faɗa wa makaranta, tana so ta koma makarantar ko bayan jarrabawa a duba wata. Sannan ki tambaye ta me ya faru bayan sallah, wani ya taɓa ta ne, wani yana takura mata a makaranta ko a waya ko a unguwa, ko akwai abin da ta gani ya tsorata ta. In ta fara magana kar ki katse ta, kar ki yi salati da ƙarfi, kar ki ce me ya sa ba ki faɗa min ba tun tuni. In kuma ba ta ce komai ba a daren farko ki ƙyale ta, ki gama kitson, gobe ki sake zama.

Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya miki zuciya. In kun karɓo kwafin takardar akwai layin da ya shige muku duhu, ki turo min hotonsa bayan kin rufe sunanta da sunan makarantar, kuma ki sanar da ni yadda kuka yi da likita.